Ƙibar Datti da Bakin Rumbu

Wanda bai ga Datti na Kutama ba, bai ga jiki ba. Allah ya jiƙansa, in ya zauna a tabarma sai dai a nemo wa baƙo wata. Ba wani attajiri ba ne, manomi ne, gero da dawa da ɗan wake, amma tun da ya auri Gwamma ya faɗa hannun furarta jiki ya karɓe shi. A wancan zamani na Turawa wa ke jin kunyar ƙiba? Ai ado ce. In ya ɗauki hanyar kasuwar Getso, tumbi a gaba, yana share gumi da hannun riga, sai ka ji ana cewa, "Kai, Gwamma ta iya kiwo!" Shi kuwa ya yi ta dariya har kafaɗunsa na rawa.

Abu ɗaya ne Datti ba ya wasa da shi, rumbunsa. Dogon rumbun ƙasa ne mai ƙaramin baki a sama, ginin mahaifinsa. A gidan nan, tun kaka da kakanni, maigida kaɗai ke leƙa rumbu. Shi zai hau tsani ya ɗebo ya miƙa wa mace, abin da ya rage a ciki kuwa tsakaninsa da Allah. Shekara talatin Datti bai taɓa bukatar shiga ciki ba. Daga kan tsani yake zura hannu, kuma kafin hatsi ya yi ƙasa sabo ya iso.

Sai ga shekarar fara. Ta sauka ana dab da girbi, ta yi wa gonarsa aski. Ɗan abin da ya kai gida ya zuba bai ce wa kowa uffan ba. Bazara ba ta yi nisa ba hannunsa ya daina tarar da komai. Ya zura ƙafafu zai shiga, cinyoyi suka wuce da ƙyar, tumbi ya ce bai san zancen ba. Ya yi nishi, ya yi salati, ya fito duk ya ƙuje. Daga nan ya ɗaura lauje a gora yana lalubo zangarniya, amma ya san wannan dabarar ba za ta kai shi damina ba.

To, ya kira magini ya faɗaɗa bakin? Magini zai leƙa. Ya sa ƙanensa Zailani ya shiga? Zailani zai gani. Kafin la'asar an ji a ƙofar masallaci cewa rumbun Datti ya kusa ƙasa. Gara masa mutuwa da wannan, wallahi.

Ranar kasuwa ya tsuguna gaban wani mai magani, Mato, wanda ke baza ƙulle-ƙulle a gindin tsamiya. Ya sassauta murya ya ce, "Malam, kana da na rage jiki?"

Mato ya dube shi sama da ƙasa. "Ikon Allah! Kowa na ƙiba yake nema, kai na rama? To akwai. Wannan ƙona kitse yake yi, ka ji shi yana narkewa kamar man shanu a rana. Ka jiƙa, safe da yamma."

"Ba ya illa?"

"Illar me? Itace ne fa."

Itace ne fa! Sai ka ce tinya mai dafi ba itace ba ce. Filasko ne da jar kanwa da wasu saiwoyi da ko Maton ina shakkar ya san sunansu. Datti ya sha, ciki ya ɓalle. Mutumin da ke cinye tuwon mutum uku ya koma ba ya son ƙanshin miya. Ido ya faɗa, wuya ya yi tsawo, in ya miƙe sai ya dafa bango, ƙirji na duka kamar ana sussuka.

Gwamma ta ce, "Malam, wannan abin da kake sha zai kashe ka."

Ya ce, "Na ciwon shawara ne. Ki bar ni."

Abin haushi, ramar da ya saya don rufin asiri ita ta fara jawo masa ido. Mutane suka soma ƙus-ƙus, anya gidan Datti ana ɗora tukunya? Har Zailani ya ɗauko damin dawa ya kawo da kansa. Datti ya hau shi da faɗa, ya sa shi ya koma da abinsa.

Bayan mako uku, wata rana da hantsi, ya hau tsani ya zura jiki, sai sulluɓ, ya wuce. Daɗi ya kama shi. Ya tsince zangarniyar da yake so ya cilla waje, sannan ya kama bakin rumbun zai ja jikinsa sama. Ina! Hannun nan da ke ɗaga dami biyu ya ƙi. Ya sake gwadawa, ya zame. A na uku jiri ya kwashe shi. Maganin Mato ya tafi da tumbi, ya haɗa da ƙarfin. Rana ta take, cikin rumbu ya ɗau zafi, ya ji ana kiran azahar. Da dabara ta ƙare masa, ya yi kira ƙasa-ƙasa.

"Gwamma."

Ya ji tsani na motsi, sannan kanta ya tare hasken. Abin da ya ɓoye mata wata da watanni ga shi a fili. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, kin gani."

Ta ce, "Mijina na gani a rami. Matsa."

Ta diro ciki, mace 'yar siririya da daka ya ƙeƙasa wa damtse. Ta durƙusa ta dafa ƙasa. "Taka bayana."

"Haba, Gwamma."

"Taka, Malam, kafin wani ya yi sallama."

Ya taka. Ya fita yana kuka, kukan gaske, dattijo da gemunsa. Ita kuwa ta kama baki ta fito abinta, ta zarce ta kwashe sauran ƙullin maganin ta zuba a masai. Da rama da zogale da tafasa ta ja ɗan hatsin nan har sabon gero ya nuna, ba wanda ya ji kansu.

Jikin Datti ya dawo, har da ƙari, amma ƙarfin bai dawo duka ba har ƙarshen ransa. Daga ranar Gwamma ke hawa tsani in gida ba kowa, shi kuma ya tsaya a ƙasa ya karɓi kwando ya ratsa tsakar gida da shi, kamar shi ya ɗebo. Mutanen Kutama ba su taɓa sani ba.

Sai da Datti ya shekara goma da rasuwa Gwamma ta ba jikokinta labarin, tana dariya tana share ido da bakin zane. Babbarsu, Uwaliya, wadda a lokacin ita ma tana ɗakin mijinta, ta ce, "Inna, to wai nawa kika tarar a ciki ran nan?"

Tsohuwa ta daina dariya. Ta ce, "Wannan kuma na Malam ne."