Lokacin Haruna

Ina kan kaskon awara da hantsi yayana Sule ya sauka daga okada a ƙofar gidana, ko hula babu a kansa. Ya ce, "Hajara, sai haƙuri. Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifinmu Malam Haruna, ladanin ƙaramin masallacin layinmu a nan Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, da bakinsa ya kira asubar ranar, ya koma ɗaki ya kishingiɗa, shi ke nan.

Duk wanda ya san Baba ya san shi da kiyaye lokaci. Shekarun da ya yi yana jan motar goro daga tashar Ojoo zuwa arewa, fatake sun sha ƙorafi, don lokacin salla na yi zai taka birki ko a tsakiyar daji ne. Yakan ce musu, "Goro ba ya ruɓewa a raka'a biyu." Ni kuwa da yake sunan mahaifiyarsa na ci, Uwata yake ce mini, yana barina in yi masa faɗa kamar da gaske ni na haife shi.

Faɗan ƙarshe da na yi masa shi ne ya tsaya mini a rai. Wata huɗu kafin rasuwarsa, wata doguwar bas ta tsaya a bakin layi. Wani tsohon mawaƙin rok ne a ciki, mai kiɗan jita irin na Turawa, Bayarabe, da ɗan kunne da furfura har kafaɗa, yana zagayen wasansa na ƙarshe gari-gari, 'yan talabijin suna biye da shi suna ɗaukar shiri a kan tafiyar. Ya shigo yana ƙwala kiran Haruna, suka rungume juna suna hawaye. A ranar muka san cewa kafin goro, Baba ya shekara shida yana tuƙa wannan mutumin da 'yan jitarsa daga wannan gidan rawa zuwa wancan.

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Da suka tafi na ce, "Haba Baba, ladani guda? Sabo fa muke. Ranar da aka nuna wannan, da wane ido za ka kalli mutane?" Ya yi murmushi ya ce, "Uwata, Allah ya riga kyamara gani."

Bai kai ranar ba. Mako uku da binne shi aka ce za a nuna shirin ranar Asabar bayan la'asar, kuma na ji Liman da dattawan layi sun taru gaban talabijin ɗin mai shayi. Mutumin da aka yi wa kyakkyawar shaida a zaman makoki, ga shi za a tono masa baya, shi kuwa ba bakin kare kansa. Na zauna a ɗakina na kunna tawa talabijin.

Aka fara da kururuwar jita da tsalle-tsalle. Sai ga tsohon hoton Baba, gashi tuli guda, wando mai buɗaɗɗen ƙafa. Na ce yau mun shiga uku. Can sai aka nuno bas ɗin ta sauka gefen titi rana ta ɗan karkata, kowa ya fito. Mai shirin ya tambayi dalili, mawaƙin ya ce da broka, "Na Haruna time." Lokacin Haruna ne, in ji shi. Ya ce shi ba Musulmi ba ne, amma wata rana sun makara wasa, Haruna ya tsaya zai yi azahar, shi kuma ya yi barazanar korarsa. Haruna ya ajiye masa makulli a kan kujera, ya ɗauki butarsa. Tun daga ranar, duk direban da ya ɗauka, a wannan lokacin yake sa shi ya tsaya.

Sai ga Baba da ransa, zaune a tabarmarsa. Aka tambaye shi ko yana son kiɗan. Ya ce, "Ƙara ce dai kawai. Amma mutumin kirki ne, bai taɓa barin butata ba ruwa ba." Na yi dariya, na yi kuka.

Kafin magariba Liman ya yi sallama a ƙofata. Ya ce, "'Yata, mu muna cewa shekara ashirin ya yi yana tara mutane salla. Ashe tun a motar makaɗa ya fara tsayar da su." Wallahi sai a lokacin hankalina ya kwanta.

Baba, Uwarka ta yi maka faɗa a kan abin da ba ta sani ba, ka yafe mata. Ya Allah ka gafarta wa bawanka Haruna, ka yalwata kabarinsa, ka sa tsayuwar da ya yi maka a gefen hanyoyi ta tsaya masa ranar hisabi. Ka ba mahaifiyarmu haƙurin takaba, mu da ya bari ka sa mu riƙe lokaci yadda ya riƙe. Amin.