Kwano Mai Shuɗin Murfi

Eino Saarela ya ƙarar da ƙuruciyarsa a dazukan arewacin jihar Michigan ta Amurka da gwangwanin fenti a hannu, yana shafa wa bishiyoyin da za a sare alama. Wadda bai shafa wa ba, masu zarto ba sa taɓa ta.

Da ciwon huhu ya yi ta kayar da shi, sai likita ta gano dalili. Ta ce, "Sojojin jininka lafiyarsu ƙalau. Mai shafa wa ƙwayar cuta alama, don su gane ta su cinye, shi ne ba a haife ka da shi ba."

"Wato ni ne na rasa mai fenti," in ji Eino.

Ta yi masa rigakafi, ta ce ya guji taro in sanyi ya shigo. A garinsu kuwa sanyi ba baƙo ba ne, shi ne maigida.

Shi ke nan Eino ya bar zuwa taron cin abinci na coci. Maƙwabciyarsa Marlys Kangas, wadda mijinta ya rasu, ta riƙa ajiye masa kwanon dankali da nama a bakin ƙofa. Al'ada ita ce a wanke kwano a mayar kafin Lahadi. Eino yakan wanke, amma mayarwar ce babu. Ya lura in ya riƙe, sai ta zo jikin taga ta yi masa faɗa, faɗan nan kuwa shi ne hirarsa ta mako.

"Tsohon ɓarawo, kanti za ka buɗe?"

"Ba su bushe ba, Marlys."

"Tun watan jiya?"

Rannan ta zo ba kwano, ba faɗa. Za ta koma birnin Duluth wajen 'yarta, ranar Lahadi za a yi mata bankwana a coci.

Cocin ya cika da masu tari, don haka Eino bai shiga ba. Ya tsaya a waje cikin ƙanƙara rungume da kwanukanta, ya ƙwanƙwasa taga da gwiwar hannu. Marlys ta fito ta dudduba.

"Ina mai shuɗin murfi?"

"Na nema ban gani ba."

Kwanon kuwa yana kan teburinsa, a wanke tas.

Ta karɓi kwanukan. "To, ci gaba da nema. In ƙanƙara ta narke zan zo in ji inda aka kwana."

Ya koma gida shi kaɗai, ya ɗora kwanon a taga, inda za a iya hango shi daga titi.