Ƙyallen Kawu Ɗanjuma

Duk wanda ya san Kawu Ɗanjuma ya san allurai ukun nan da ke soke a hularsa. Da su yake zuwa masallaci, da su yake zuwa ɗaurin aure. Kalmarsa kuwa ɗaya ce: "A warware!" Ka kai masa ɗinki ya juya gaba, ya juya baya, ya taɓe baki, shi ke nan aikin mako ya tafi. Ni Hansai, 'yar ƙanwarsa, na sha wannan kalma har na daina jin zafinta.

Wata shekara ya kai babbar riga Kano wa wani Bature malamin makaranta, mutumin ƙasar Ayilan. Baturen ya nuna masa hotunan da uwarsa ta aiko: matan garinsu sun taru suna ɗinka tarihinsu a kan ƙyalle, yadda wasu mayaƙa da ake kira Normawa suka zo musu a jiragen ruwa tun zamanin da. Kawu ya dawo garinmu Yako, ko ruwa bai sha ba ya kira ni.

"Hansai, kin ji abin mamaki? An ci su da yaƙi, kuma suka zauna suna ɗinka abin! Mu da ba wanda ya ci mu, ko zare ɗaya ba mu soka ba!"

"To Kawu, ina ruwanmu?"

"Ruwanmu? Yanar ido ta fara kama ni. Kafin ta rufe, sai na ga tarihin garin nan da idona."

Wallahi mun zaci wasa ne. Sai ga shi ya yanka farin yadi gida goma sha biyu, ya raba wa matan da ke ɗinkin hula. Wannan gida rijiyar farko, wancan shekarar fara, wancan ranar da aka kafa kasuwa. Ni aka ba ni zuwan Fulani da shanunsu.

Labari ya kai kunnen Liman, ya zo da kansa.

"Ɗanjuma, na ji kana sa mata suna yin surar mutane."

"Allah ya gafarta Malam, duba da kyau. Akwai mai fuska a ciki? Riga ce da hula kawai."

Liman ya duƙa, ya daɗe yana kallo. Can ya nuna wani mai rawani da ƙaton tumbi.

"Wannan fa, wane ne?"

"Allah ya gafarta Malam, ni dai ban kama suna ba."

Muna bayan zana muna toshe baki. Liman ya tafi, bai ƙara tayar da maganar ba.

Tsiminsa kuwa sai wanda ya gani. Koren zare ya ƙare ana tsakiyar ganyen kuka, muka ce a aika kasuwar Kiru a sayo. Ina! Ya shiga ɗaki ya ɗauko rigarsa ta Salla, ya zauna ya tsefe aikin wuyan tas. Ranar Idi haka ya fita, wuyan riga duk hudar allura. Matarsa, Inna Lami, ta riƙe baki.

"Malam, da wannan za ka fita?"

"Wanda zai kalli wuyana a Idi ba salla ya je ba."

Ni kuwa mako uku na yi a kan shanuna. Da na kai masa, sai ya aika aka kira Arɗo Buba daga ruga. Arɗo ya ƙura wa ƙyallen ido, ya girgiza kai.

"Waɗannan ba namu ba ne. Ƙahon ya yi gajarta. Shanun noma ne."

Na kalli Kawu, ya kalle ni. Kun san abin da ya faɗa. Sau uku na warware shanun nan, ina yi ina ƙunƙuni.

Sai da aka shekara biyu kafin a gama. Ranar da za a nuna, muka haɗa gidajen ƙyallen da sassafe cikin gaggawa, aka shimfiɗa a ƙofar gida, gari ya taru. Sai a lokacin na hango abin da na aikata. Innalillahi! Na ɗinke nawa a juye. Ga shanun Arɗo a tsakiyar tarihi, duk ƙafafu sama. Aka riƙo hannun Kawu ya fito, ya bi ƙyallen daga farko har ƙarshe, ya tsaya daidai kan shanun. Na rufe ido ina jiran kalmar.

"Ma sha Allah," in ji shi. "Ya yi."

Inna Lami ta dafe ƙirji. Ba wanda ya yi dariya, don a nan muka gane yanar ta riga mu. Shekara biyu yana tsere da ita, bai ga komai ba.

Da mutane suka watse, ya kira ni.

"Hansai, zauna ki faɗa mini yadda yake. Kar ki tsallake."

Na faɗa masa gida gida, ina share hawaye. Da na zo kan nawa, na faɗi gaskiya.

"Kawu, bari in warware."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Bar su. Ba ki tuna shekarar da ciwon bushiya ya kashe shanu ba? Haka muka tarar da su a ruga, ƙafafu sama. Shi ma tarihi ne."

Bai kai damina ba. Ƙyallen yana akwatina, shanun suna nan a juye, alluran nan uku na soke su a gefensu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya buɗe masa idanu a kan abin da ya fi namu kyau. Amin.