Ranar da Kwallin Kaka Ya Yi Fari

Duk sanda aka ƙyasta ashana kusa da ni, warin nan kan mayar da ni gidanmu na Wudil, tun kafin a ba da mulkin kai, lokacin da kakata ke gasa kwalli.

Sana'arta ke nan. Takan sayi dutsen kwalli a kasuwar Juma'a, ta zuba a 'yar tukunya, ta liƙe bakin da yumɓu, ta binne a garwashi. In ta liƙe da kyau, sai ya fito baƙi sidik, ya niƙu da laushi. In iska ta samu kafa, za ka ga farin hayaƙi na tashi, abin ya koma kamar toka. Mata har daga Darki da Dagumawa suke aiko da tandunansu.

Daminar da ciwon yana ya rufe mata ido, yayata ta haihu. Kaka ta ce ba wanda zai yi wa jaririyar kwalli sai ita. Ta liƙe tukunyar da lalube. Duk muna tsakar gida muka ga farin hayaƙin na fita ta wata 'yar tsaga, ba wanda ya gaya mata.

Da tukunyar ta huce, Kaka ta fasa yumɓun.

"Yaya ya fito?"

"Ya yi baƙi, Inna," in ji mahaifiyata.

Kaka ta murza garin tsakanin yatsunta, ta daɗe tana murzawa.

"Iska ta shiga," ta ce. "Allah ya yi miki albarka, amma kada ki ƙara yi mini haka. Idon jinjira ne fa."

Ta sa aka zubar bayan gida. Ranar suna, da kwallin kasuwa aka yi wa yarinyar ado. Aka miƙa wa Kaka ita, ta shafa fuskar a hankali, ta tsaya a kan idanun, ba ta tambayi kowa komai ba. Ba ta ƙara hura wutar nan ba, kuma ba ta ga wata daminar ba.

Yanzu jikokina a kanti suke sayen kwalli, ba su san yana shiga wuta ba. Jaririyar nan kuwa ita ma ta tsufa. Bara aka yi mata aikin yana a asibiti, washegari tana gani garau. Da aka gaya mini na yi hamdala, sannan na shige ɗaki na yi kuka.