Dogon Numfashin Kofur Ayamga

Duk inda tsofaffin ɗaliban makarantar barikinmu suka haɗu, ko gidan biki ko wurin makoki, hira ba ta nisa sai ta gangaro kan abu uku: dorinar malamin lissafi, tuwon dokunu da soyayyen kifin kasuwar mami, da begilar Kofur Ayamga. Biyun farko a yi dariya a wuce. Na ukun kuwa har yau gardama ake yi, wasu su ce taɓin hankali ne da shi, wasu su ce mutumin Allah ne. Ni dai na san taurin kai ne tsagwaronsa, kuma da irin wannan taurin kan ya yawaita a duniya da marayu sun huta.

Mutumin Bolga ne, can arewa, gajere, ƙirjinsa kamar randa. Bai taɓa zama a aji ba. Kiwon shanu ya yi yana busa ƙaho har gemu ya fito masa, sannan ya gangaro kudu ya shiga soja, da aka ji ƙarfin huhunsa aka miƙa masa begila. A nan ya tsaya. Sa'o'insa suka yi ta zama saje, shi yana nan da igiyarsa biyu, safe ya busa a ɗaga tuta, yamma ya busa a sauke ta. Matarsa Apoka takan ce ta auri mutumin da ya fi zakara cika alkawari, ya kuma fi shi rashin abin hannu.

Wanda ya tashi a bariki ya san dokar begila tun kafin ya san sunan kakansa. Da ta ɗauki kuka, kowa ya ƙame inda yake. Mota ta tsaya, mai ɗiban ruwa ta tsaya da bokiti a ka, yaron da ake bi da bulala ya tsaya, mai binsa ma ya tsaya. Sojan da ke gadin ƙofa kuwa ya juya ya fuskanci tuta, ya ɗaga bindiga, ko kunama ce ta shiga wandonsa ba motsi ba magana har sai mai busa ya sauke begila daga baki.

A shekarun da sojojinmu ke zuwa Lebanon aka kawo mana wani kwamanda mai son komai ya zauna daram. Ya ce gidajen bariki da makarantar bariki na iyalin sojan da ke bakin aiki ne. Wanda ya mutu, an gode, iyalinsa su tattara. Matan mamatan suka kafa rumfunan kwano a tsallaken titi, suna sayar wa abokan mazajensu koko da ƙosai, 'ya'yansu na leƙen makarantarsu ta cikin waya.

Cikin yaran har da Mawusi, 'yar Saje Agbeko. Agbeko abokin darar Ayamga ne, kuma da akwatin gawarsa ya iso daga Lebanon, Ayamga ne ya yi masa busar bankwana a bakin kabari. Yarinyar tana ajin ƙarshe, jarrabawar shiga sakandare ta kusa, ba kuma makarantar gari da za ta karɓi ɗan ajin ƙarshe a tsakiyar shekara. In ba ta zauna jarrabawar a nan ba, shi ke nan, tukunyar koko ta kira ta.

Dabarar ba ta Ayamga ba ce, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Wata safiya yana kan dakalin tuta, wanda ke kallon ƙofa sak, ya fara busa ke nan sai ya hango yarinyar ta sunkuya ta ƙarƙashin sandar tare motoci, takalmanta a hannu, ƙanenta Kodzo goye a baya, ta zuba da gudu. In ta sha kwanar sito, ta shige cikin ɗaruruwan yara masu kaya irin nata, ba mai gane ta. Ba ta kai ba. Busa ta ƙare, mai gadi ya juyo ya kamo ta ta kwalar riga ya fitar da ita. Ba ta yi kuka ba. Tsayawa ta yi a tsallaken titi tana hararar dakalin tuta.

Ranar Ayamga bai iya cin abinci ba. Da yamma ya je rumfar uwarta ya sayi kokon da ba ya sha.

"Ke 'yar Agbeko," ya ce, "ubanki ma haka yake dara, ya tura ɗa bai duba baya ba."

"Ai kai ne ka yi sauri, Papa Kofur."

"Ni na yi sauri? Tun ba a haife ki ba haka ake busa ta."

"To a ci gaba da busa ta haka. Ni dai gobe ma zan shiga."

Ya ajiye kofin ya ce, "Ki ɗaure yaron nan da kyau, zamewa yake yi."

Washegari sai begila ta ƙi ƙarewa. Kowace gaɓa ya kama sai ya ja ta kamar danƙo, idonsa na kan yarinyar, bai sauke ba sai da ta sha kwana. Fita ba ta da wuya, soja ba ya tambayar mai fita. Shugabar makaranta Madam Kwansa kuwa, farar hula ce mai baki kamar reza, ta ce ita ba a ɗauke ta aikin binciken uban wa ke da rai ba, kuma takalmin soja ba ya taka mata aji.

Kafin wata ya zagayo sauran 'ya'yan rumfuna sun bi sahu. Ayamga ya kafa wa kansa doka guda: ba ya sauke begila sai na ƙarshe ya shige. Masu gadi sun sani sarai. Amma ai doka ce ta ce su kalli tuta, kuma kowannensu ya san gobe tasa matar na iya zama mai suyar ƙosai a tsallaken titi.

Hannun kwamanda ne ya tona asiri, don ya soma sagewa wurin sara wa tuta. Aka turo Samanja Tete ya ji ba'asi.

"Kofur, begilarka naƙuda take yi?"

"A'a, Sa."

"To don me sai mun tsufa kafin ka gama?"

"Numfashi ne Allah ya ƙara mini, Sa. Na rasa inda zan kai shi."

Samanja ya tura ƙofar ofis, ya sassauta murya. "Ayamga, ni ba makaho ba ne, kuma ni ma na haifa. Amma oda oda ce. Kaɗan ya rage ka karɓi fanshonka ka koma Bolga. Kada ka kifar da tuwonka don 'ya'yan wani."

"Wanin nan ni na busa masa a kabari, Sa."

"Daga gobe ina tsaye a gefenka."

Ya kuwa tsaya. Ayamga ya rage ja, yara suka ƙara gudu, aka yi ta lallaɓawa a haka har ranar jarrabawa. Ranar aka kwana ana ruwa, kwatar da ke tsakanin rumfuna da titi ta cika ta batse, dole yaran suka yi zagaye. Lokacin da ya kai begila baki ba kowa a ƙofa. Can nesa ya hango su suna tsallake taɓo, Mawusi a gaba. Ya ja iya ja, tuta ta kai ƙoli, busa ta zo ƙarshe, ko bakin titi ba su iso ba.

Sai ya zuƙi iska ya sake ɗauko ta daga farko.

Bariki gaba ɗaya na ƙame. Samanja na nan kusa da kunnensa, hannu a goshi, ba damar motsi, sai ta tsakanin haƙora yake cewa, "Sauke! Sauke, ɗan banza, ka kashe kanka!" Ayamga ya ji shi, tsoro ma ya ji. Ya sake ɗaukowa. Leɓensa ya tsage, jini ya bi begila yana ɗiga a kan kaki. Mawusi ta wuce, na bayanta suka wuce, wani ɗan ƙarami ya faɗi ya tashi ya sha kwana. Sannan ya sauke, ya miƙa wa Samanja begilar da hannu biyu.

A gaban fareti aka yanke masa igiyoyinsa. Ya dubi inda suka faɗi ya ce, yadda na layin baya ma suka ji, "Igiya biyu? Ko akuya ba ta ɗauruwa da su." Wannan ya ƙara masa kwana a gadurum. Daga nan aka kore shi ba fansho, aka ce in ƙafarsa ta sake taka bariki a kulle shi.

Kada wani ya ce maka ya ji daɗi, wuya ya sha. Bai koma Bolga ba, kunya ta hana. Ya yi gadi a kasuwar katako, ya yi busa a ƙungiyar masu raka gawa. Abin da ya fi ciwo, nasa 'ya'yan ma da korar ta haɗa, babban ɗansa ya ƙare a karen mota. In faɗa ya haɗa su Apoka takan ce, "Ka shigar da 'ya'yan wani, ka fitar da naka." In ta faɗi wannan, sai ya ɗauki hularsa ya fita. Amma ko sau ɗaya ba a ji ya ce da na sani ba. Mawusi kuwa ta ci jarrabawa, ta zama ungozomar asibiti, ƙatuwar mace mai tsawa, kuma ita ta riƙe shi bayan rasuwar Apoka.

Bara makarantar ta yi bikin tunawa da kafuwarta. Tsofaffin ɗalibai suka yi anko, Mawusi ta ɗauko tsohon da sassafe. Ya ƙi sa ankon, ya ce wanda bai taɓa zama a aji ba ba zai rataya ƙarya a jikinsa ba. A ƙofa wani yaron soja ya tare su da ladabi.

"Papa, kai ma tsohon ɗalibi ne?"

Mawusi ta buɗe baki za ta shirya ƙarya, tsohon ya riga ta. Ya dogara sanda ya miƙe ƙirji. "Kofur Ayamga, mai begila. Korarre."

"Haba Papa, da ba ka faɗa ba," in ji sojan, kamar zai yi kuka. "Korarre ba ya shiga."

Nan fa aka yi ca, wannan na magiya, wancan na cewa shi lauya ne. Ayamga ba ya jin su. Tsallaken titi yake kallo, inda wata 'yar yarinya ke tsaye kusa da teburin koko cikin koɗaɗɗen kayan makaranta, takalmanta a hannu. Kwamandoji da yawa sun zo sun tafi, ashe dokar ba ta bi su ba.

Lasifikar kan ƙofa ta yi ƙara, begila ta ɗauka. Yanzu inji ke busa ta. Sojan ya juya ya ƙame, masu anko ma, da furfurarsu da tumbinsu, suka ƙame ba su sani ba. Mawusi ce kaɗai ta kwance zanen sama ta durƙusa.

"Hau, Papa."

"Ke 'yar Agbeko, ni kofur guda..."

"Igiyar ma an yanke. Hau, wannan ba ya jiran kowa!"

Ta goya shi, ta ɗaure, ta sunkuya ta ƙarƙashin sanda ta zuba da gudu, irin gudun mace mai jikoki. Ko rabin hanyar sito ba su kai ba inji ya yi ɗif.

Sai Kodzo, wanda aka taɓa goyawa a wannan hanyar, yanzu direban babbar mota mai ƙaton ciki, ya dunƙule hannu a baki ya ɗauko busar daga farko. Na kusa da shi ya kama, mata suka kama, ƙofa ta ɗauka da muryoyi marasa daɗi. Kunnen yaron sojan ya motsa, amma bai sauke bindiga ba.

Ayamga ya waiwayo daga bayan Mawusi. Yarinyar nan yanzu ta sunkuya a ƙarƙashin sanda, ƙafafunta ƙanana ne, kwanar kuma da nisa. Masu busa sun soma haki, wasu har sun fara dariya. Ya ɗaga sandarsa sama, ya kwatsa musu tsawa da tsagaggen leɓensa.

"Ku ja ta, 'yan banza! Akwai na baya!"

Suka ja.