Rariyar da Aka Toshe a Gidan Alhaji Sambo

Cikin kwanakin aikina akwai wata Talata da har yau ba ta fita daga raina ba, ranar da na tarar an toshe mini rariya da tsumma da dutse a wani gida a unguwar Shamaki a Gombe. Tunda ku masu tasowa kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikin lambu, shi zan ba ku, kuma zan bi shi daki-daki yadda ya faru.

Abin ya auku 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, lokacin da naira ta shigo, kuɗin mai ya fara zagaya gari, duk mai hali yana rushe ginin ƙasa yana sa siminti da kwano. Ni a lokacin na shekara tara a gidan rainon dashe. Na fara da lebura, na zama helma, wato shugaban leburori, sannan aka tura ni kwas na wata shida aka ba ni muƙamin ƙaramin malamin gona na gwaji. Ma'anar gwaji ita ce a ba ka aiki guda ka yi shi kai kaɗai. In ya yi kyau a tabbatar da kai, in ya lalace ka koma helma.

Tsarin aikin lambun gida a ofishinmu hawa shida ne. Mai gida ya rubuto takardar nema. A je a yi awo. A zana taswira. Babban malamin gona ya sa hannu. A yi dashe. Bayan wata uku a zo a ƙirga, kuma dole biyu cikin uku na dashen su kasance da rai. Dashe sau ɗaya ake bayarwa, babu ƙari sai wata damina. Babban malaminmu Mista Nwosu ne, mutumin gabas da ya dawo Gombe bayan yaƙi. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, kuma ba ya sa hannu a abin da bai karanta sau biyu ba.

Mai neman lambun shi ne Alhaji Sambo, tsohon mai sayen auduga da ya koma kwangila. Gidan gado ne babba, mutum fiye da ashirin a ciki. A bayan ɗakunan mata akwai wani dogon fili daga gabas zuwa yamma, da katanga tsakaninsa da cikin gida, da ƙofarsa ta waje. Alhaji ya ce ya ga abokansa sun shuka ciyawar Turawa ta ƙone cikin rani ɗaya, shi ba ya son wannan. Yana son lambun da gida zai ci, mai 'ya'yan itace a sama da ganyen miya a ƙasa. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba zai ƙara ko garwa guda a kan ruwan da 'yan garuwa ke kawowa ba. Kun san Gombe da ruwa. Ke nan sai lambun ya rayu da ruwan da gida ya riga ya yi amfani da shi, ya ci takin dabbobin gida da tokar murhu, ganyen da ya zube ya koma ƙasa.

Na yi awon filin a rana ɗaya. Cikin gida kuwa ba shiga, kuma ban nemi in shiga ba. Sai na tambayi Alhaji inda ake wanka, inda ake girki, da inda ruwa ke fita. Ya ɗauko takardar magini ya shimfiɗa a zaure, ya nuna mini sabon banɗaki da sabon kicin, duka a gabas, ya ce duk ruwan gidan ta rariya ɗaya yake fita, wato kafar da ke gindin katangar gabas. Ya faɗa ba tare da shakka ba, ni ma na rubuta ba tare da shakka ba.

A kan wannan na zana taswira. Na ja magudana daga rariyar gabas zuwa ramin ayaba, daga nan ta ratsa gwanda da gwaiba da lemun tsami, ta ƙare a mangwaro, ga fangalin ganye a tsakani. Mista Nwosu ya karanta sau biyu ya sa hannu. A ƙarshen damina muka dasa talatin: ayaba shida, gwanda takwas, gwaiba shida, lemun tsami shida, mangwaro huɗu. Ina bukatar ashirin su kai ranar ƙirga.

Daga nan aka tura ni rabon dashe ƙauyuka, ban dawo ba sai bayan mako uku. Ranar Talata da hantsi na buɗe ƙofar filin. Ayaba shida duk sun kwanta. Gwanda uku sun bushe. Magudanar da na ja babu ko danshi, har tururuwa sun yi hanya a ciki. Na durƙusa na leƙa rariyar, sai ga tsumma an cusa an danne da dutse, daga ta ciki. Na ƙirga abin da ya rage, ashirin da ɗaya.

Na je na gaya wa Mista Nwosu a ranar, domin ɓoye wa na sama laifi na biyu ne. Ya tambaye ni wa ya toshe, na ce ban sani ba. Ya tambaye ni ko da idona na ga ruwa yana fita ta rariyar kafin in yi zane. Na ce mai gida ne ya gaya mini.

Ya ce, "Malam Buba, ban tambaye ka abin da ka ji ba."

Na ce, "Ban gani ba, ranka ya daɗe."

Ya rufe fayil ɗin ya ce ranar ƙirga tana nan inda take.

Da farko raina ya ba ni in cire tsumman in yi gaba. Sai na ga cewa hannun da ya cusa shi zai sake cusawa, kuma ni ban san hannun ba. Don haka na sa leburori su riƙa ba dashen ruwa da garwa daga rijiyar gidan raino don kada su ƙarasa, ni kuma na ɗauki kujera da littafi na zauna a filin daga fitowar rana zuwa la'asar, kwana uku a jere. Na bi gindin katangar da taku na samu rariya huɗu, ba ɗaya ba. Kowace na ba ta lamba. Duk ruwan da ya fito na rubuta lokacinsa, yawansa, da ko akwai kumfa. Ta gabas ba ta ɗiga ba. Biyu na tsakiya kaɗan-kaɗan. Ta yamma kuwa, wadda ba ta cikin takardar magini, tana kawo ruwa garai-garai bayan kowane kiran salla, har ciyawa ta yi kore a bakinta. Hayaƙin girki ma daga yamma yake tashi.

A rana ta biyu mai unguwa ya aiko a tambayi wane ne katon da ke yini a bayan ɗakunan mata yana rubutu. Na kai masa takardar ofis ya duba. Ya sallame ni, amma kafin in fita daga unguwar an riga an sa mini suna mai gadin rariya, kuma sunan ya bi ni shekaru.

A rana ta huɗu na roƙi Alhaji ya haɗa ni da wanda ke da iko da cikin gida. Ya ce ai shi ne. Na nuna masa littafina. Ya duba, sannan ya shiga ya fito da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada. Tsohuwa ce Bafulatana, 'yar siririya, da carbi a hannu. Aka shimfiɗa mata tabarma a zaure, na durƙusa na gaishe ta.

Ba ta bari na gama gaisuwa ba ta ce, "Kai ne ɗan gwamnatin da zai shayar da miyata ruwan banɗaki?"

Na ce, "Dada, ban san haka abin yake ba."

"Wa ka tambaya?"

"Alhaji."

"Sambo? Sambo ya san inda ake tuƙa tuwon da yake ci?"

Alhaji ya ce, "Haba Dada, a gaban baƙo."

Ta ce, "Wanda ya yini uku a bayan katangarmu ai ya wuce baƙo."

Ita ta sa aka toshe, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ce ranar da aka gaya mata ruwan wanka da na wankin tsumman jarirai zai bi ta gindin rama da alayyafo, a ranar ta sa aka mayar da shi tsohon kwatami. Sabon kicin kuwa ba a taɓa hura wuta a cikinsa ba, domin kwano ya sa shi zafi kuma hayaƙi ba ya fita, buhunan dawa ne a ciki. Girki da wanke-wanke da alwalar mata duk a gindin tsamiya ake yi, a yamma.

Na yi ƙoƙarin in bayyana mata abin da aka koya mana a kwas, cewa ƙasa tana tace ruwa kafin saiwa ta sha. Ta tambaye ni ko littafin ne zai sha miyar. Daga nan na bar gardama, na buɗe sabon shafi, na ce ta gaya mini ruwan gidan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ruwan alwala da na ɗauraya da ragowar randa da ake zubarwa da safe, waɗannan masu tsarki ne, in ba abin da za a ci. Ruwan wanka da na wanki in kai wa abin da ba ya shiga baki. Ƙasari, wato ruwan wankin surfe, na awakinta ne, kada in ko kalle shi. Amma ta yarda a riƙa share mini turken awakin a turo takin ta ƙofar baya, da tokar murhu.

Ma'anar wannan ita ce lambun gaba ɗaya yana wurin da bai kamata ba. Dole a cire ashirin da ɗayan daga gabas a mayar da su yamma, taku arba'in, bayan ruwan sama ya ɗauke. Ƙa'idarmu ta hana dashe a rani. Na sake zana taswira na kai wa Mista Nwosu. Ya ce ba zai hana ni ba, amma in sani duk wanda ya mutu a hanya a kaina yake. Na ce na ɗauka.

Mun yi kwana biyar, ni da leburori biyu, kullum bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Mukan jiƙa gindin dashe tun da safe, mu yanko shi da ƙasarsa a cikin buhu, mu sa a ramin da aka riga aka zuba wa taki da toka. Kowanne na yi masa rumfar zana, na rufe gindinsa da ɓawon gyaɗa don kada danshi ya gudu. Na ja sabuwar magudana daga rariyar yamma. Na roƙi Alhaji aka ɗauke dutsen alwalar maza daga ƙofar gida aka kawo shi jikin katangar lambu, ruwan alwalar baƙinsa ma ya shigo. A gabas na buɗe rariyar da izinin Dada, na shuka ciyawar jema da itacen cin-da-zugu a can, su sha ruwan wanka su riƙe ƙasa. Dada ta aiko mini da sandunan zogale da irin yakuwa nata na kanta, ta ce na ofis ba su da ɗanɗano.

Gwanda ba ta son a taɓa saiwarta. Cikin mako biyu biyu suka mutu. Saura goma sha tara.

Ana saura kwana uku a zo ƙirga Alhaji ya kira ni gefe. Ya ce akwai mai sayar da dashen gwanda a bakin kasuwa, a sayo ɗaya a soka, wa zai gane? Na ce ni zan gane, kuma duk lambun da zan yi bayan wannan zan riƙa tunawa. Ya ce taurin kaina ya yi yawa. Na ce haka ake faɗa.

Mista Nwosu ya zo ranar Litinin da safe. Ya ƙirga sau biyu, ya rubuta goma sha tara. Sannan ya zagaya. Ya ga rama da alayyafo sun rufe fangali, kabewa ta hau katanga, zogale ya yi toho. Ya tona gindin lemo da yatsa ya ji danshi. Ya tambayi Alhaji garwa nawa ya ƙara, Alhaji ya ce ko ɗaya. Ya tambaye ni wa ya ba ni bayanin taswira ta biyu, na ce mahaifiyar mai gida. Ya ce in rubuta haka a fayil.

Ya ce, "Doka ta ce ashirin, ba zan tabbatar da kai yau ba. Amma lambun da ya kai wata uku ba shi ne lambu ba. Zan dawo kafin ruwan farko. In na samu sha tara ɗin nan a tsaye, zan rubuta da hannuna."

Na yi wata uku ina zuwa kowace Talata da Asabar. Na share magudana, na ƙara ɓawon gyaɗa, na ɗaure ƙofa saboda awakin Dada, waɗanda sau biyu suka nemi su gama da ni. Zafin bazara ya zo har ganyen mangwaro ya lanƙwashe, amma mutanen gidan ba su fasa alwala sau biyar ba, rariyar yamma ba ta fasa kawowa ba. Da Mista Nwosu ya dawo ya samu sha tara. Takardar tabbatarwata ta fito cikin wannan damina, wata shida bayan ta abokan kwas ɗina.

Wata shidan nan ban taɓa jin haushinsu ba, domin kuskuren nawa ne. Alhaji bai yi mini ƙarya ba, abin da ya biya aka gina ya faɗa. A gidajenmu mai sa hannu a takardar nema yana zaure, masu zubar da ruwan suna ciki, kai kuma ba za ka shiga ba. Tun daga lokacin ban sake ɗora fensir a takarda ba sai na yini uku a fili, kuma sai an fito mini da babbar gida na tambaye ta da ladabi wane ruwa ta yarda ya taɓa abincinta. Duk wanda ya kawo mini taswira a cikinku, tambayar farko da zan yi masa ita ce da wace tsohuwa ya yi magana. In ba shi da amsa, ya ɗauki kujera ya koma.