Farar Alama a Gonar Baffa Yero

Shekara shida ke nan da rasuwar kawuna, Malam Habu, malamin labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Ƙaraye. A wannan hutun na roƙi yayana ya kai ni wata gona a yankin Ruwan Bago, wadda rabona da ita tun Kawu yana raye. Abin da na fara lura da shi da muka sauka daga babur shi ne babu karan dawa ko ɗaya a cikinta, a tsaye ko a kwance, alhali a gonakin maƙwabta duk an tattara kara an jingine. Ramuka ne kawai, wani kusa da wani, wasu da koren ruwa a ƙasansu.

Mai gonar, Baffa Yero, ya taɓa cewa a bainar jama'a bai yafe wa Kawu ba, sai sun haɗu a gaban Allah. Kawu ya rasu maganar tana nan yadda take. Ita ta kai ni can, ita ce kuma ta sa nake wannan rubutu, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu.

Kawu ne ya kafa Ƙungiyar Masu Sha'awar Duwatsu. Sunan ya fi ƙungiyar girma. Shi ne da wasu malamai biyu, da wani tela, da wani akawu mai suna Garba, sai 'yan ɗalibai da ke zuwa in sun ga dama. Ranar Asabar suke ɗaukar akori-kura su nufi wani fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, ko gaɓar wani rafi tsakanin Ƙaraye da Rogo, kowa da gudumarsa. A tasha ana kiran su 'yan guduma. 'Yan kamasho sukan ce, "Malam, yau ma za a je gaishe da duwatsun?" Shi kuma ya ce, "Ai sun fi ku iya amsa gaisuwa."

Ni kaɗai ce mace a cikinsu, ina 'yar firamare. Inna, wadda yayar Kawu ce, ta yarda in riƙa bin su ne don shiruna ya dame ta. Ta ce wataƙila duwatsu su buɗe mini baki. Ba su buɗe ba, amma na koyi kallo. Kawu ya koya mini cewa bayan dutse ba ya nuna kome, rana da ruwa sun riga sun sauya shi, sai an fasa an dubi cikinsa. Ya nuna mini bambancin marmara da ake gini da ita da baƙin fa da mata ke shanya a kai, ya ce marmara jaririya ce in aka gwada shekarunsu. Idan ya fasa dutse yakan lasa shi don launinsa ya fito. Tela ba ya barin wannan ya wuce. Kullum sai ya ce, "Malam, gishiri ya ji ko a ƙara?"

Suna da ƙa'ida ɗaya da Kawu ba ya wasa da ita. Duk dutsen da ya burge su, sai a fasa shi biyu, a tafi da ɓari ɗaya, a bar ɗaya a inda aka same shi. Sannan a tara 'yan duwatsu a wurin, Kawu ya kwaɓa farar ƙasa a gwangwani ya shafe tsibin da guntuwar tsintsiya har ya yi fari fat. Dalilinsa shi ne ɗaliban da za su zo bayansu kada su sha wahalar nema, su ga abin a muhallinsa da idonsu. Bayan kowace damina yakan hau keke ya zaga ya sabunta farin da ruwa ya wanke. A lokacin ban san wani aiki da ya fi wannan kyau ba.

Ranar da muka fara zuwa gonar Baffa Yero, ya fito daga rugarsa da sanda a kafaɗa. Manomi ne mai 'yan shanu, Hausarsa tana da ɗanɗanon Fulatanci. Aka daɗe ana gaisuwa, aka tambayi gida da garke da ruwan bana. Matarsa ta kawo fura da nono a babbar ƙwarya. A gefen gonar akwai wani farin dutse da ya ratsa fa kamar jijiya. Da aka fasa shi sai ga wasu duwatsu a ciki, dogaye kamar alli, koraye, haske yana ratsa su. Kawu ya sunkuya a kansu. Ya ɗaga ɗaya ya dubi rana ta cikinsa, sannan ya miƙo mini.

Da ya fara shafa farar ƙasa, Baffa Yero ya matso ya ce, "Malam, wannan farin fa na mene ne?"

Kawu ya ce, "Alama ce ga masu neman ilimi, Baffa. Yara ne za su zo su duba su koma. Na yi maka alkawari ba wanda zai taɓa maka ko kara ɗaya."

Baffa Yero ya ce, "To, in dai ilimi ne, gonar taku ce."

Ina tsugune a gefe na ga Garba akawu ya ɗauki mafi tsawo daga cikin korayen, bai fasa ba, ya zura a aljihun wando. A hanyar komawa na raɗa wa Kawu. Ya yi dariya ya ce, "Sha'awa ce, Dije. Wanda ya so dutse har ya sa a aljihu, ai namu ne."

Ban san wa Garba ya nuna wa dutsen a Kano ba, ban kuma san ko da wata niyya ya tafi da shi ba. Abin da na sani shi ne da rani ya zagayo, baƙi suka fara sauka a tasha da diga da shebur. Ba su tambayi kowa hanya ba, ba su bukata. Daga wajen Daura ta Ƙaraye har cikin ƙasar Rogo, duk inda akwai dutsen da ya isa a duba, akwai farin tsibi a kansa da ake hangowa daga nesa, sabon shafe kuma, don Kawu bai daɗe da zagayawa ba. Shekarun da ƙungiyar ta yi tana yawo, ashe aikin nema take yi wa waɗannan mutane kyauta.

A yawancin wuraren sun ɗan tona sun wuce. A gonar Baffa Yero suka zauna. Da fari mutum biyar ko shida ne, daga baya har masu tuwo-tuwo suka kafa rumfa. Baffa Yero ya kai ƙara inda ya san ana kaiwa, aka ce masa abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba na mai gona ba ne. Suka bi farin dutsen nan daga gefe har tsakiyar gona, suka juye jar ƙasa da tsakuwa a kan ƙasar noma da ya yi shekaru yana kwantar da shanu a kai don taki. Da damina ta faɗi, ramukan suka cika da ruwa, ciyawa ta rufe bakinsu. Ɗaya daga cikin bijimai biyun da yake huɗa da su ya faɗa, ya karye, aka yanka shi a nan cikin ramin.

Kawu ya ɗauki bokiti da soson ƙarfe ya bi alamun yana gogewa, yana watsar da tsibin da ya tara da hannunsa. Na tuna tafin hannunsa a waɗannan makonni, duk ya tsattsage. Amma a lokacin ba mai bukatar alama kuma.

Wata ranar kasuwa Baffa Yero ya zo Ƙaraye, ya tsaya a ƙofar makaranta har aka tashi. Bai ɗaga murya ba. A gaban malamai da ɗalibai ya ce, "Malam, ka sha furata, ka ce ko kara ɗaya. Ban yafe ba. Ni da kai sai a gaban Allah." Kawu yana tsaye riƙe da kekensa.

Ya aika wa 'yan ƙungiya su taru, a je tare a ba da haƙuri, a cike abin da za a iya cikewa. Tela kaɗai ya zo. Malaman biyu suka ce ai ba su suka yi haƙa ba. Garba ya riga ya ajiye aikin akawu ya koma Kano. Kawu da tela suka tafi su biyu, Baffa Yero ya ƙi fitowa, matarsa ta kawo musu ruwa a moɗa ta koma. Kawu ya ce zai sake zuwa bayan girbi. Kafin girbi ciwon hanta ya kwantar da shi, bai tashi ba.

A watan jiya tsofaffin 'yan ƙungiyar suka shirya taron addu'a a Unguwar Hajji don tunawa da shi. Alhaji Garba, wanda yanzu dillalin duwatsu ne mai motoci, shi ya kawo rago. Ina daga cikin gida wajen mata ina jin jawabinsa ta lasifika. Ya ce Malam Habu ne ya buɗe wa mutanen yankin nan ido suka san arzikin da Allah ya binne musu. Aka yi ta cewa haka ne. Aka yi addu'a mai tsawo, aka ci nama, aka watse. Ba wanda ya ambaci Ruwan Bago.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga yau. Wasu wuraren da muka je suna ƙarƙashin ruwan dam yanzu, wannan na san zai ce ikon Allah, ya wuce. Ɓarin duwatsun da suka tara a wani ɗaki a makarantarsu, an kwashe su an cike kududdufin bakin ƙofa da su, don ana bukatar ɗakin. Yaran unguwarmu har yanzu suna tsintar duwatsu, har sun fi na da yawa, sai dai in sun tsinta ba sa tambayar yadda aka yi dutsen ya zama haka. Tambayarsu ita ce wa zai saya. Ina jin wannan ne zai fi yi masa ciwo, don abin da ya yi ta fata ke nan, yara su riƙa duban ƙasa, ga shi kuma suna dubawa.

Ba na so in mai da shi waliyyi don ya mutu. Ya yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Ya ɗauka duk wanda ya sunkuya ya ɗauki dutse irinsa ne, an faɗa masa kuma ya yi dariya. Wanda ya biya wannan kyakkyawan zato ba shi ba ne, ba kuma masu jawabi ba ne, wani tsoho ne da bai taɓa riƙe guduma ba. Idan na auna abin da ya rage na Kawu, ba ƙungiya, ba duwatsu, sai ni da ba na iya wuce tsakuwa ban juya ta da ƙafa ba, sai ramukan nan, sai kuma maganar da ke kansa.

Kakata, mahaifiyarsa, ita ce ba ta mantawa. Ta tsufa, idonta ya yi rauni. Bayan taron addu'ar, da aka kawo mata nama ta ture kwanon. Ta ce sadaka daban, haƙƙin mutum daban, kuma ɗanta yana kwance da haƙƙin mutum. Ta tambaya ko cikin masu manyan rigunan nan akwai wanda zai je wajen Baffa Yero. Kowa ya dubi ƙasa. Shi ya sa na je.

Mun sami Baffa Yero a gindin wata ɗorawa yana tufka igiya. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Yanzu aron gona yake a wajen surukinsa. Yayana ya gaishe shi ya koma wajen babur. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi ko ni wace ce.

Ya dube ni ya ce, "Ke ce 'yar yarinyar nan da ba ta magana."

Na ce ni ce.

Ya ce, "Ina manyan? An ce har da masu mota a cikin waɗanda suka sha furata. Sai ke aka samu?"

Na ce ba wanda ya aiko ni. Na faɗa masa yadda Kawu ya yi ta goge alamun, da niyyar da ya yi ta dawowa, da halin da kakata ke ciki. Na ce ban zo in ce Kawu bai yi kuskure ba, na zo ne in nema masa yafiya.

Ya daɗe yana murza igiyar a cinyarsa. Sannan ya ce, "'Yar nan, ba na so in yi miki ƙarya. Bakina zai iya faɗa yanzu ki tafi da shi. Zuciyata ba ta kai can ba. Kullum ta gefen gonar nan nake wucewa."

Na ji kamar in tashi in gudu, kamar yadda na saba. Amma na zauna, na ce, "To Baffa, kada ka faɗa yau. Abin da nake roƙo, ka yarda in riƙa zuwa duk hutu ina gaishe ka ina tambaya, har ranar da zuciyar taka ta kai."